Ƙarfe Mai Tsarki

Shafi na 19

Ku da kuka hana ni shan koko cikin kwanciyar hankali da tambayar ina Salimatu ta kwana, to ga ta nan. Ke kuma Hajiyar da ta rubuto cewa in na taɓa yarinyar nan Ikilima ta bar karanta ni har abada, ki yi haƙuri, ba ni na tsara yadda shekarar 1988 ta zo wa mutanen unguwar Nima ta birnin Accra ba.

*

Rana na tsaka Salimatu ta sauko daga trotro, motar hayar garin, a bakin babbar kwatar Nima, maganar likita na ta yi mata yawo a ka.

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Sai da ya tura ƙofar ɗakin haƙori, inda take aikin wanke kayan asibiti da dafa su, sannan ya ce maƙwabciyar nan tata Amama da ta kawo a duba mata dasashi, an auna jininta. Ciwon nan ne. Wanda yau muke ce wa ƙanjamau, wanda a lokacin mutanen Zango ba su da sunan ba shi sai ciwon Abijan, shi ma sai sun rage murya. Ya ce duk ƙarfen da ya taɓa bakin matar a dafa shi a sake dafawa, kuma maganar ta tsaya tsakaninsu.

Ta dafa kuwa, har ruwan tukunyar ya kusa ƙonewa. Na asibiti dai ta gama da shi.

Lungunsu tsit. Mai wake da shinkafar bakin hanya ta ɗauke teburinta tun da aka fara raɗe-raɗi, yara ma an hana su bi ta nan. Ko rediyon tela ba a ji. Takalmin Salimatu kaɗai ke magana, ita kanta sai ta ji ƙarar ta yi mata yawa.

Amama na zaune a ƙofar ɗakinta kan 'yar kujera. Matar da ta tafi Abijan da ƙiba har ana yi mata ba'a, yanzu zani ɗaya ya zagaye ta ya yi saura. Ta danne baki da tsumma. Tsumman ja ne, kuma ba haka aka saye shi ba.

"Sista Salimatu," ta ce ta cikin tsumman, "kin dawo?"

"Na dawo. Me ya samu bakinki?"

Amama ta janye tsumman ta yi murmushi. Inda haƙorin gefe yake, rami ne baƙi yana tsatsa.

"Baba Falalu ya cire min. Wanda ke girgiza ɗin nan. Ei, jini kamar an yanka kaza."

"Yaushe?"

"Yanzu-yanzu, da hantsi."

Baba Falalu surukin Salimatu ne, uban mijinta Gafaru. Tsohon wanzami ne da ya koma cire haƙori, kuma daga Nima har Maamobi babu gidan da ƙarfensa bai shiga ba.

"Sista, me ya sa kike tsaye nesa?" in ji Amama. "Kowa nesa yake tsaya min yanzu. Ko kaza ba ya zuwa ƙofana koraa."

"Zafi ne, Amama. Bari in shiga in duba 'yata Ikilima."

"Ba ya nan."

Hausar 'yan Nima ba ruwanta da mace ko namiji, amma Salimatu ta san wa ake nufi.

"Wa ba ya nan?"

"Yarinyanki. Gafaru ya wuce da shi, ya ɗaure masa kumatu da ɗankwali. Ya yi kuka paa. Ni na ce su yi sauri, hannun tsoho da daɗi yau."

Jakar hannun Salimatu ta faɗi ƙasa, ba ta ko kalle ta ba.

Kwana da kwanaki yarinyar na fama da haƙorin nan. Da bakinta Salimatu ta ce wa Gafaru ya bari sai Litinin, ta kai ta asibiti da kanta. Ya ce to. Irin to ɗin nan na maza, wanda ake faɗa ana ɗaura agogo.

Ta juya da gudu. Tana tsallaka katakon da aka gitta kan kwata ta ji Amama na kiranta daga baya, murya siririya, wai ta manta jakarta.

*

Tun da aka kawo ta gidan Gafaru, Salimatu ba ta taɓa taka ɗakin surukinta ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi ta cikin labule. Yau ta ɗaga labulen da hannunta ta shiga.

Duhu ya fara rufe mata ido. Sai warin kanumfari da turaren wuta, da wani wari ƙarƙashinsu wanda ta sani sarai daga wurin aiki. A jikin bango gwangwanayen madara ne jere, cike da haƙoran mutane, waɗanda tsohon ke tarawa ya binne don kada wani ya yi mugun abu da su. Wata babbar mota ta wuce can bakin titi, gwangwanayen suka ɗauki kaɗawa a hankali, kas-kas-kas, suka yi shiru.

Baba Falalu na zaune kan buzu. Zabirarsa a buɗe, ya jera ƙarafansa kan farin ƙyalle, duk a jiƙe.

Ya ɗago ya dube ta. Ya dubi ƙafarta da takalmi.

Gwiwoyinta suka kai ƙasa da kansu.

"Baba, ina..."

"Ina wuni, uwar Ikilima."

"Ina wuni, Baba."

"Ya aiki?"

"Da godiya. Baba, Ikilima..."

"Ya mutanen asibiti?"

Wallahi da za a tsaga ƙirjinta a lokacin da an ga hayaƙi. Amma tsohon mutumin Damagaram ne, da ƙafa ya zo Accra, kuma ko gobara ake ba a tsallake masa gaisuwa. Sai da ya kai ƙarshenta.

"Baba, ka cire mata?"

"Wa?"

"Ikilima."

"Ban taɓa bakinta ba."

Ta dafa ƙasa da hannu biyu. Hawayen da ta riƙe tun daga lungu suka zubo, ta ma rasa ko godiya take ko kuka.

"Alhamdulillahi. Tana ina?"

"Tana hannun ubanta. Na sa mata kanumfari da ɗan abin da ake sawa, sai ya zauna ya kashe wurin tukuna." Ya ɗauki wani siririn ƙarfe yana juya shi. "Ke kuma lafiya kika faɗo min ɗaki kamar an biyo ki?"

Ashe da sauran lokaci. Abin da ta gaya wa kanta ke nan. Kafin su dawo sai ta raba tsohon nan da ƙarafansa, ko da kuwa yau ne aurenta zai mutu.

"Baba, alfarma nake roƙo."

"Faɗi."

"Ka ba ni kayan nan in dafa su."

"Ki me?"

"In dafa su. A tukunya. Ruwa ya tafasa a kansu sosai, sannan su taɓa bakin wani."

Tsohon ya yi 'yar dariya ba sauti.

"Nama ne?"

"Baba..."

"Ko ganda ce? In kawo miki albasa?"

"Ciwo ake yi a gari, Baba. A jini yake tafiya. In ƙarfe ya fito daga wannan baki ya shiga wancan..."

"Na sani."

Ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba.

"Ka sani?"

"Kina tsammani ku kaɗai kuke da kunne? An tara mu a ƙofar gidan mai unguwa tun kafin azumi. Wanzamai, masu aski, masu yanke farce, kowa da kowa. Wata mata ta zo da farar riga daga hukuma ta yi mana bayani. Abin da ta ce a yi, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Ni ba na wasa da amanar bakin mutane."

"Me ta ce a yi?"

"Ta ce mu tsarkake ƙarafanmu. Duba ki gani, tunda yau ke ce alƙali."

Ya jawo buta da ɗan kwano. Ya ɗauki siririn ƙarfen nan mai lanƙwasa, wanda ake saƙale dasashi da shi. A gindinsa akwai ɗan jan abu da ya maƙale. Ya yi bisimilla ya tsiyaya ruwa, yana murza wurin da babban yatsa. Ruwan ya sauka kwano ja-ja, ya koma fatsi-fatsi, ya koma fari.

Ya ɗaga ƙarfen saitin hasken ƙofa.

"Launi ya tafi."

Ya kai shi hanci.

"Wari ya tafi."

Sannan ya fito da harshe ya ɗora ƙarfen a kai.

"Baba!"

"Ɗanɗano ya tafi." Ya ajiye shi kan ƙyallen a hankali. "Ruwa mai tsarki ne, daga famfo na ɗebo da kaina, ba abin da ya faɗa ciki. Ki kira min malami ɗaya a garin nan, daga nan har Tudu, wanda zai ce wannan ƙarfe bai tsarkaka ba. Ni tsarki na san shi tun ba a haifi uban likitanku ba."

Abin da ya fi ba Salimatu tsoro shi ne tsohon ba ƙarya yake ba, ba kuma ganganci ba. Da zuciya ɗaya yake yi.

"Baba, da Hausa matar ta yi magana?"

"Ina ta ga Hausa? Turanci ta yi ta zubawa."

"Wa ya fassara muku?"

"Wa kuwa? Mijinki."

Ta ji kamar ƙasa ta ɗan matsa.

Wanda ya san Gafaru ya san shi da abu biyu, kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai da kuma Turanci. Turancin kasuwa ne, na ciniki da direbobi, amma in yana yinsa a gaban 'yan uwa sai ka rantse daga jirgi ya sauko.

"Ya sa babbar rigarsa ta sallah," in ji tsohon, har da ɗan alfahari. "Ya tsaya kusa da ita, tana faɗa yana juyawa. Akwai kalma ɗaya da ta yi ta nanatawa, tana buga hannu a tebur. Sita... sitara..."

"Sitaralais."

"Ita. Nan ya ɗan tsaya ya sosa ƙeya. Sai ya ce, jama'a, cewa take ku tsarkake ƙarafanku bayan kowane mutum. Muka ce ai da ma muna yi, amma za mu ƙara. Har tafi aka yi masa."

"Duk wanzaman suna wurin?"

"Na Nima da na Maamobi, har da na New Town."

"Duk haka suke yi? Da buta?"

"Da me za su yi? Da kwalba?"

Salimatu ta runtse ido. Jarirai nawa aka yi wa askin suna tun kafin azumi, yara nawa aka yi wa kaciya, mutum nawa aka yi wa ƙaho. Ta kore tunanin da ƙarfi, don ba ta da wurin ajiye shi yanzu. Ɗiya ɗaya gare ta.

"Baba, ba tsarkin salla take nufi ba."

"Tsarki iri biyu ne?"

"Kalmar nan nufinta a kashe abin da ke jikin ƙarfen. Da wuta. Da tafasasshen ruwa."

"A kashe me? Kin ga wani abu a nan?"

"Ba a ganinsa."

"Yana wari?"

"Ba ya yi."

"To ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma ruwa bai ɗauke shi ba." Ya gyara zama. "Aljani kike gaya min ke nan."

"Ka kira shi duk abin da ka ga dama, Baba. Wuta kaɗai yake tsoro."

"Ƙarfen nan ba ya komawa wuta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da maƙeri ya tsoma shi a ruwa, an yi masa abin da aka yi masa. Ubana ya ce duk ranar da ya sake jin zafi, sanyin hannun gidanmu ya tafi. Shi ya sa ake cire haƙori a nan mutum ya tashi yana dariya. Ke yarinyar jiya za ki zo ki saka min gadon gidanmu a tukunyar miya?"

Ta san abin da ya rage mata, ta kuma san likita ya ce maganar ta tsaya tsakaninsu. Ta nemi gafarar Amama a zuciyarta.

"Baba, matar da ka cire wa haƙori da hantsi."

"Amama. Baiwar Allah, ciwon shawara ne ya cinye ta."

"Ba shawara ba ce."

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"An auna jininta a wurinmu. Yau likita ya gaya min. Ciwon ne."

Tsohon bai motsa ba. Can sai ta ga harshensa na yawo cikin bakinsa, a hankali, kamar yana neman wani abu da ya ɓata. Ya dubi kwanon ruwan. Ya dubi babban yatsansa. Gwangwanayen bango suka sake kaɗawa, ita kuwa ba ta ji wucewar wata mota ba.

"Kin tabbata?"

"Da kunnena na ji."

"Wanda ya kama... yana tashi?"

"Ban ga wanda ya tashi ba, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙarafan. A ɗan lokacin nan ta ga tsufa ya sauko masa gaba ɗaya, har ta ji tausayinsa ya kama ta duk da halin da take ciki.

"Ɗauki," ya ce.

"Baba?"

"Ɗauki ki dafa. In sanyin hannu ya tafi, ya tafi. Ubana bai ga wannan zamani ba."

Ba ta jira ya sake tunani ba. Ta kama gefen ƙyallen za ta naɗe su gaba ɗaya ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba. Aska. Almakashi. Siririn nan mai lanƙwasa. Wani ɗan ƙarami mai kama da hantsaki.

Hannunta ya tsaya.

Kullum a asibiti ita ke jera wa likita kayan cire haƙori. A cikin waɗannan babu wanda zai iya kama turmin haƙori ya tumɓuke shi.

"Baba, da wanne ka cire na Amama?"

Ya kawar da kai gefe.

"Baba, da wanne?"

"Da babban awartaki."

"Yana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya ce kada in gaya miki. Ya ce za ki hana."

"Wa?"

"Hannuna ya fara rawa, uwar Ikilima. Yau da ƙyar na riƙe na matar nan. Na ce wa Gafaru lokaci ya yi, ya karɓi abin gidansu ko da yana kasuwarsa. Ya yi murna ƙwarai."

"Ina awartakin?"

"A gidanmu, wanda zai gaji ƙarfe, da jinin gidansa yake buɗe hannu. Ni ma da haƙorin ƙanwata na fara. Kuma mai ba da ƙarfe ba ya tsayawa a kansa, sai ya kawo haƙorin a tafin hannu."

Salimatu ta miƙe. Ƙyallen ya zame, ƙarafan suka watse a ƙasa.

"Ka ce ba ka taɓa bakinta ba!"

"Ban taɓa ba." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Na tsarkake shi da hannuna kafin in ba shi. Wallahi na tsarkake shi, 'yata."

"Suna ina?"

Ya ɗaga hannu ya nuna bangon da gwangwanayen ke jingine.

"Nan baya. Gindin darbejiya."

Bango ɗaya. Duk gaisuwar nan, duk gardamar nan, bango ɗaya ne tsakaninta da ɗiyarta.

Ta yi ƙofa, labulen ya naɗe mata fuska, ta fizge shi har da ƙusarsa.

"Gafaru! Gafaru, kada ka..."

Ihun yarinya ya tashi daga bayan ɗakin, siriri, mai tsawo.

Ya yanke.

Salimatu ta tsaya cak a tsakar gida, labule a hannu.

Sai muryar mijinta ta zo ta saman katanga, cike da murna, irin ta yaron da ya ci jarrabawa.

"Baba! Baba, ya fita! Har da saiwarsa, ko karyewa bai yi ba!"